Robar Da Baba Ya Ɗaura Wa Totur

Shekarar da gwiwar Baba ta hagu ta fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa, sau biyu ya faɗi da mashin a hanyar gonarsa. Gidanmu yana cikin Talata Mafara, gonar kuwa ta shinkafa ce a fadama, can wajen Bakura, kuma da damina rabin hanyar laka ce zalla. Faɗuwar farko ya ɓoye mana, Inna ce ta gano a wajen wanki. Ta biyu ba ta ɓoyu ba, don a amalanke aka kawo shi gida, yana zaune bisa buhunan taki yana yi wa mai shanun bayanin yadda mashin ɗin ya yi kuskure.

Yaya, babban wanmu, ya taso daga Gusau saboda maganar. Mutum ne mai magana a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya, kai ka ce takardar gwamnati yake karantawa. Ya ce a ba da gonar aro, Baba ya zauna gida ya huta. Baba ya ce ai bai gaji ba. Aka yi ta ja, har aka tsaya a kan sharaɗi ɗaya a gaban Inna: in Baba ya sake faɗuwa ko sau ɗaya ne, gona ta bar hannunsa. Baba ya yarda, don a ganinsa bai ma taɓa faɗuwa ba. Amma na ga fuskarsa lokacin da ya ce to. Fawa ya yi tun yana saurayi, da ƙarfi ya ragu ya bar wa ƙannensa rumfa, kuma gonar nan ita kaɗai ce wurin da ya rage inda yake cewa a yi a yi.

Ni ne na biyu a gidan, ina aiki a sakatariya. Tun muna yara, in Yaya ya ce gabas ni yamma nake nufa, ko da ba ni da abin yi a can. Ba zan yi wa kaina ado ba: rabin abin da na yi tausayin Baba ne, rabi kuwa so nake in ga ranar da Yaya zai rasa ta cewa.

Ana haka sai wani mai sayar da tsofaffin injinan ban-ruwa ya sauke kaya, cikinsu har da wani babur mai ƙafa huɗu, ja, gajere, da tayoyi masu ƙiba. Ya ce a ƙasar da aka kwaso shi wasa ake yi da shi, manya da gemunsu su hau su shiga daji su yi ta zagaye ba tare da suna da gona a ciki ba. Ban damu da haukarsu ba. Abin da na gani shi ne ƙafa huɗu, kuma abu mai ƙafa huɗu ba ya kifewa don an saki hannu. Na kai wa Baba shi da kaina. Ya zagaye shi sau biyu, ya daddanna tayar da sandarsa kamar yana duba saniya, ya ce ba laifi, yana da ƙugu.

Matsalar ta fito tun ranar farko, kuma ba daga laka ta fito ba. Totur ɗin abin ba murɗawa ake yi ba. Wani ɗan harshe ne ƙarƙashin hannun dama, da babban yatsa ake danna shi, kana saki ya koma wurinsa, mashin ya tsaya cak. Tsohon mashin ɗin Baba kuwa totur ɗinsa ya daɗe da mutuwar zuciya, inda ka bar shi nan yake zama, shi ya sa Baba yake iya sakin kai ya ɗaga hannu yana tafiya. Sai daga baya na gane cewa wannan ne ma ya kayar da shi sau biyun, amma a lokacin ban tsaya lissafi ba.

Wanda bai san garinmu ba zai ce mene ne a ciki, ya gaisa da hannun hagu mana. To Baba ba ya gaida mutum da hagu, kuma yanzu da ya samu abin hawa mai tsayuwa da kansa, bai ga uzurin da zai hana shi ɗaga hannu biyu ba. Ga kuma ƙa'idar da kowa ya sani. In kana bisa abin hawa kana tafiya, ka ɗaga hannu ka ce sannunku, ka fita hakki. Amma in tayarka ta tsaya a gaban mutane, to ka tsaya ke nan, sai an yi gaisuwa cikakkiya: kwana, gajiya, iyali, ruwa, ƙafar da ke ciwo, wanda ya yi tafiya, wanda ya dawo, sannan a sake komawa kan iyali don tabbatarwa. Tsakanin ƙofar gidanmu da bakin gari akwai majalisa bayan majalisa, kuma babu wadda Baba ba shi da aboki ko suruki ko tsohon mai sayen nama a ciki. Duk inda ya ɗaga hannu, mashin ya tsaya. Ranar ya fita da sassafe, sai da rana ta take tsaka ya isa gona. Ma'aikatan da ya ɗauka sun gama ciran da suka ga dama, sun kwanta a inuwa.

Kashegari na same shi a zaure yana yanka robar cikin taya da wuƙarsa ta fawa. Haka manoman fadama suke yi wa injin ban-ruwa: a ɗaure totur da roba a daidai inda ake so, a tafi a bar shi yana aiki. Baba ya ɗaure ɗan harshen a daidai saurin jaki mai ƙoshi, ya ja, ya gwada, ya dube ni.

"Ka gani? Su masu yin abin ba su da mutane, shi ya sa ba su yi tunanin wanga ba."

Dabarar ta yi aiki har zuwa majalisar farko. Da ya matso kusa da mutane sai ya ɗan matsa birki don ya rage gudu, saboda ba a gaida dattawa a guje. Yana matsawa, wata fitila ta yi ƙyaf-ƙyaf, injin ya mutu murus. Ya tayar, ya tafi, majalisa ta gaba ya taɓa birki, ya sake mutuwa. Abin ya fi na jiya muni, don tsayuwar mashin daban, kashe shi daban. Wanda ya kashe mashin a ƙofar gidanka ziyara ya kawo maka. Sai a shimfiɗa tabarma, a kawo ruwa, a aika cikin gida a dama fura. A mako guda Baba ya ziyarci mutanen da bai yi niyya ba sun fi a ƙirga. Har da wani dattijo da suka yi shekara da shekaru ba sa magana saboda iyakar gona. Mashin ya mutu daidai ƙofarsa, mutumin ya fito ya ga Baba, ya ɗauka sulhu ya zo nema, ya rungume shi yana hawaye. Baba ya dawo gida a fusace, ya ce an shirya shi da mutum ba da saninsa ba, kuma shi ne mai gaskiya a maganar iyakar.

Na koma wurin mai injinan. Shi ya zaunar da ni ya yi mini bayani, ya nuna mini wasu ƙananan abubuwa guda biyu masu wayoyi, ɗaya a wajen yatsa, ɗaya a jikin injin. Ya ce sunansu sensa, aikinsu gadi. Irin wannan abin hawa cikin laka da yashi yake rayuwa, kuma ƙasa takan shiga wayar totur ta riƙe ta, mai tuƙi ya saki yatsa amma injin ya ci gaba da gudu. To ta wajen yatsa tana faɗin ko an saki, ta wajen injin tana faɗin ko mai yana shiga, in maganarsu ta saɓa sai a kashe injin. Haka kuma in suka ga totur a danne an kuma matse birki, sai su ɗauka mutum na son tsayawa ne abin ya ƙi, su kashe. Na fahimta sarai. Ina jaddada wannan ne don kada wani ya ce jahilci ne ya sa na yi abin da na yi daga baya.

Na je na yi wa Baba bayani, ina durƙushe, ina zaɓen kalmomi. Ya saurara har ƙarshe.

"Wato shi mashin ɗin, gani shikai kamar abin ya hi ƙarhina?"

"Ba haka ba ne, Baba. Tsaro ne kawai, ko da wata rana."

"A'a, hwaɗi gaskiya. Ƙarhe na zaune shina zato na. Ni da nis saye shi." Ni na saye shi, amma ban ga amfanin gyara masa ba. "Wanka na zato na, uwarku na zato na, yanzu har abin hawa. To a cire mai zaton."

Ranar Talata, ranar kasuwa, muka kai shi wurin bakaniken da Baba ya yarda da shi. Mutum ne mai hannu, injin da aka fitar da rai da shi yakan tayar, amma yana da aƙida ɗaya: duk wayar da bai san aikinta ba, ba ta da aiki. Ya leƙa, ya bi wayoyin da yatsa, ya yi dariya.

"Alhaji, wagga sensa ta. Don sanyin ƙasarsu anka sa ta. Nan ba ta da wani amfani sai wahal da mutane."

Ya datse, ya haɗa wannan da waccan, ya murɗe. Ya ga wata waya ta nufi jan maɓallin nan na kashe injin da ke hannun hagu, ya ce ita ma danginsu ɗaya, ya haɗa da ita. Ina tsaye. Na san abin da ake cirewa, na san ranar da aka ajiye shi dominta. Na buɗe baki, sai na tuna in Baba ya ci gaba da isa gona da azahar, Yaya ba ya ma buƙatar faɗuwa, zai ce gonar ta lalace. Na rufe bakina. Da bakanike ya ce a miƙo masa baƙin salatif, ni na miƙa.

Mako biyu Baba ya yi yana sarauta. Ya fito da babbar riga, ya tattara ta a cinya, roba na riƙe da totur, mashin na tafiya da kansa, shi kuwa hannu biyu a sama, dama da hagu, kamar ɗan takarar da ya riga ya ci. Mutane suka fara fitowa da wuri don su gani. Yana isa gona ma'aikata ba su gama ɗaura ɗamara ba. Ni ma na yi ta yawo da ƙirji a buɗe, na kira Yaya na ce ya zo ya ga yadda ake warware matsala ba tare da an tsugunar da dattijo ba.

Ya zo kuwa, ranar Asabar, bayan an kwana biyu ana ruwa. Muka fita da safe. Baba a gaba yana tuƙi, ni a bayansa bisa ƙarfen ɗaukar kaya, Yaya yana biye da mu a kan mashin ɗina, wai zai gani da idonsa. Muka ratsa gari lafiya, gaisuwa na tashi ta ko'ina. Ina waiwayen Yaya ina masa murmushin da na san yana ƙona masa rai.

Bayan mun bar kwalta akwai wani kwari da ruwa ke kwanciya. Muka shiga, taɓo ya kai rabin taya, ya fantsamo har wuyana. Don mu haye, Baba ya danna ɗan harshen har ƙarshe. Mashin ya yi gurnani ya fito. Baba ya saki yatsa, amma gurnanin bai sauka ba. Ya fizge robar ya jefar, harshen ya koma wurinsa, injin kuwa ko a jikinsa. Ya matse birki, birki ya yi ƙara ya fara wari, gudu ya ɗan ragu ya sake ɗauka. Na miƙa hannu ta gefe na danna jan maɓallin, bai yi komai ba, na tuna salatif.

Hanyar a nan siririya ce, kanal na ban-ruwa a hagu, gonaki a dama. Muka iso wata kwalbati inda manoma ke zama. Ko a wannan halin Baba bai iya wucewa haka nan ba. Ya ɗaga hannu ɗaya, ya fara "sannunku da", sauran gaisuwar a gonar gaba ta sauka. Na ga sun miƙe tsaye suna amsawa suna bin mu da kallo.

Saura makulli. Yana gaban Baba, ƙarƙashin babbar rigar da ya tara a cinyarsa. Na haura shekara arba'in a lokacin, ban taɓa zura hannu ta ƙarƙashin hammatar ubana ba, ban taɓa laluben rigarsa ba. Wanda bai tashi a irin gidanmu ba zai yi dariya, amma wallahi hannuna ƙi ya yi. Sai na nemi izini.

"Baba, makulli."

"Mi?"

"Makullin, Baba."

"Shina nan, bai ɓace ba. Riƙe da kyau."

Da na ɗaga kai sai na ga abin da yake kallo. Garken shanu ya cika hanyar a gaba, bayansu matan Fulani uku da ƙoren nono a ka, suna tafe a jere, ba inda za su kauce sai cikin kanal. Gonar Baba kuma ta iso daidai hannun dama, shinkafa kore shar, ta kai gwiwa, wurin da ya fi alfahari da shi. Bai yi shawara da kowa ba. Ya karya kan mashin, muka tsallake gaɓar gona, muka faɗa ciki.

Ni a tsallen farko na rabu da su. Na sauka da baya cikin ruwa, ƙafafu a sama. Da na share laka daga idona, na ga mashin yana yanka hanya a tsakiyar shinkafa, yana watsa taɓo, Baba na zaune ƙyam, hular ma ba ta goce ba. Ya yi rabin zagaye, tayoyin suka nutse, ruwa ya shiga inda bai kamata ba, injin ya yi tari biyu ya mutu. Wurin ya yi tsit, sai kukan shanu. Matan suka wuce suna waige, ko ɗigon nono bai zube ba.

Kafin in tashi mutane sun taru a bakin gona. Yaya ya iso, ya kafe mashin, ya tsaya a gaɓa da fararen kayansa yana kallon ɓarnar. Baba bai jira shi ya fara ba.

"Ka dai gani da idonka. Ban hwaɗi ba. Wanga ɗan'uwan naka shi yah hwaɗi, in akwai gonar da za a amshe, a amshe tashi."

Mutane suka yi dariya, suka shaida cewa lallai Alhaji yana bisa. Yaya ya buɗe baki ya rufe. Ranar da na daɗe ina jira ke nan, ga ta ta zo, amma ban ji daɗin komai ba. Ina kallon hannuwan Baba a kan mashin, ya ƙanƙame ƙarfen, har yanzu bai sake shi ba.

Baba ya ce wa Yaya ya hau mashin ɗina ya je ƙauyen da ke gaba ya samo igiya da shanun huɗa a ja abin. Ya sallami sauran mutane da godiya mai tsawo, ɗaya bayan ɗaya, har suka koma bakin kwalbati. Sannan ya yafito ni. Na kutsa cikin laka na isa gare shi. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, bai dube ni ba.

"Ka san haka na iya hwaruwa?"

"Na sani, Baba."

"Kuma kab bari."

Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Na ɗauki tsoho na sa shi a tsakanina da Yaya ina ja, har na kusa kashe shi da matan mutane.

"To ka maida mai sensarshi," in ji shi. "Kuma daga gobe kai ka tuƙi, ni in yi gaisuwa. Yanzu juyo. Ƙahwahuna ba su ɗaukata. Hidda ni kahin wanka shi komo."

Na juya na durƙusa, ya saki ƙarfen ya kama kafaɗuna. Na yi shirin nauyi, na tattara ƙarfi kamar zan ɗaga buhun taki, sai na miƙe da shi ba wuya. Mutumin da yake kayar da bijimi shi kaɗai a mahauta, ga shi a bayana ba nauyin komai, ƙasusuwan ƙirjinsa na taɓa ni ta cikin rigar. Na fara takawa a hankali, ina zaro ƙafa daga laka, ina bin hanyar da mashin ya yanka don kada in ƙara tattake masa shinkafa.

Saura kaɗan mu kai gaɓa na ɗaga ido. Yaya yana tsaye a wurin, da igiya a hannu. Ashe bai yi nisa ba, a wajen masu kwalbati ya samu. Ya ga Baba a bayana, ya ga ƙafafun suna reto. Wannan ya fi faɗuwa, kuma mu uku duk mun sani. Na ji hannun Baba ya ƙara matse kafaɗata.

Yaya ya juya mana baya. Ya sunkuyar da kai yana warware igiyar, yana duba ta taku-taku kamar an ce masa akwai inda ta tsinke. Bai ɗago ba har na haye gaɓa, na kai Baba gindin itace, na zaunar da shi, ya gyara hularsa ya shimfiɗa rigar a kan gwiwoyinsa. Sai a lokacin Yaya ya waiwayo, ya ce igiyar za ta yi, ya tambayi Baba yaushe yake ganin za a zuba taki na biyu.